Kawu Cindo da Roƙon da Bai Zo Ba

A Sule Tankarkar, in ka gai da Kawu Cindo sau ɗaya zai amsa maka lafiya lau. In ka ƙara da tambayar iyali da gajiya, sai ya karkata kai ya dube ka ta wutsiyar ido, ya fara tunanin wanda ya aiko ka. Katangarmu ɗaya da shi tun ina yaro, kuma ni ma ban tsira ba.

Sana'arsa ce ta fara koya masa wannan hali. Dillalin awaki da tumaki ne a kasuwar Maigatari, tun yana saurayi Alhamis ba ta wuce shi. Ya san akuyar da aka ɗura wa ruwan kanwa cikinta ya tashi, ya san tunkiyar da aka wanke aka shafe don a ɓoye ƙazuwa. In ya buɗe bakin dabba yana duba haƙora, rabin idonsa yana kan fuskar mai ita. Amma a da, a kasuwa yake barin zarginsa. In ya dawo gida mutum ne mai barkwanci, har goro yake rabawa a dandali.

Abin ya canza ne a wata kaka. Ɗansa Aminullahi yana gadin riɗin da suka yanke suka tsayar a gona, can hanyar Gagarawa, sai shanu suka faɗa ciki. Aka yi cacar baki da mai shanun, wani saurayi Bafillace mai suna Sha'aibu, magana ta yi zafi, Sha'aibu ya kai masa sanda a ƙeya. Aminullahi bai isa asibitin Gumel da rai ba. Sha'aibu bai gudu ba, bai kuma yi musu ba, kotun Gumel ta yanke masa ƙisasi. Alƙali ya yi wa Kawu Cindo bayani dalla-dalla: shi ne uba, maganar jinin tana hannunsa. In ya tsaya a kan hakkinsa, ranar da aka sa hannu daga sama za a kashe yaron. In ya yafe, ran yaron ya kuɓuta. Kawu ya ce jini yake so, kuma a ranar babu wanda ya ga laifinsa.

Aka kai Sha'aibu gidan yari, shekaru suka yi ta tafiya ba a sa hannu ba. Shi kuwa Kawu ya ƙudurta a ransa cewa dangin yaron ba za su zauna ba, dole su turo a roƙe shi, kuma ta bayan gida za su biyo. Daga nan duk wani alheri da aka yi masa ya zama abin tuhuma. Ya daina sayen nono wajen matar da ya daɗe yana saye, don wata rana ta ƙara masa ludayi guda. Ɗantala ɗan acaɓa ya gan shi a rana ya tsaya zai rage masa hanya, ya ce ƙafarsa lafiyarta ƙalau. Liman ya yi huɗuba a kan afuwa, Kawu ya sauya masallacin Juma'a. Ni kuwa da babbar salla na aika masa da cinyar rago, aka dawo min da ita ko buɗe kwanon bai yi ba. Da na je jin dalili, ya ce, "Kai malamin makaranta, kakarka ta wajen uwa ba Bafillatana ba ce? Ka ce musu na gane." Raina ya ɓaci sosai, na yi wata guda ban leƙa zaurensa ba.

Abin da ya fi ba ni haushi da tausayi a tare shi ne, ya riga ya shirya amsar da zai ba su. Ta katanga nake jin sa yana bitarta in yana ba awakinsa dusa. Zai bari su gama magiya, dattawansu su cire hula, sannan ya tambaye su ko za su iya tono masa ɗansa. Kullum yana ƙara mata gishiri, su kuma ba su zo ba.

Yana da wani tsohon abokin ciniki a Gumel, Zakka, mutumin Filato da ya yi aikin ganduroba har ya yi ritaya ya zauna nan. Duk Kirsimeti wajen Kawu yake sayen bunsuru. Wata shekara ina zaune aka gama ciniki, Kawu ya ce, "Malam Zakka, kai da ka yi aikin nan, yaya ake yi wa waɗanda aka yanke wa kisa?"

Zakka ya ce a bar maganar. Kawu ya nace. Sai ya ce shi sau ɗaya ya taɓa gani, tun yana sabon shiga, kuma bai ƙara roƙon Allah ya nuna masa ba. Ya ce sai an auna nauyin mutum tukuna, a cika buhu da yashi daidai nauyinsa, a gwada igiyar rataya da shi. Akwai ƙofa a ƙarƙashin ƙafa, in an saki ƙarfenta ƙararta har ɗakunan da masu jiran ke ciki, kowa cikinsu ya san me ake gwadawa, bai dai san ko don wa ba. "Shi ya sa, Kawu, in sun ji takun takalmi ya yi yawa da safe, wasu ko tsayuwa ba sa iyawa. Ana rufe wa mutum fuska, a ɗaure hannu ta baya. In an auna daidai, nan da nan ne. In an kuskure kuwa..." Bai ƙarasa ba, ya ja bunsurunsa.

Kawu ya bi shi da kallo har ya sha kwana, sannan ya ce da ni, "Ka ji ko? Har Kirista suka saya don ya karya min zuciya." Na ce, "Haba Kawu, kai fa ka tambaye shi." Ya ce ai gwanintar ke nan, sun san zai tambaya. Amma ranar an kai masa tuwo an dawo da shi.

Bara da damina jita-jita ta cika gari cewa za a sa hannu a kan masu jiran kisa. Har yau ban san inda maganar ta fito ba, a wurin mai shayi na ji ta kamar kowa. Kawu ya ce to yanzu ne za su fito fili. Ya fasa kasuwa, ya zauna a ƙofar gida yana duban duk babur ɗin da ya shigo layi. Alhamis ta wuce, wata ta sake wucewa, ko kare bai zo ba. Na ɗauka hankalinsa zai kwanta, ashe wuta ce ta kama shi. Wata safiya ya buga min ƙofa yana huci.

"Raini ne. Sun raina ni, sun raina jinin yarona. Ko kuwa sun bi ta sama sun gama shirinsu ba da ni ba. Fito da babur ɗinka, yau sai na gani da idona."

Muka kama hanyar Maigatari, muka ratse cikin gonakin gero muna tambaya. Rugar da aka nuna mana bukka biyu ce, ɗaya ma ta zube. Babu shanu, sai awaki uku a ɗaure. Wata tsohuwa siririya tana zaune tana kankare ƙwarya. Ita ce Ummulkhair, mahaifiyar Sha'aibu. Ta shimfiɗa mana tabarma, ta kawo ruwa, ta tambayi hanya, ta tambayi damina, ta tambayi yabanya. Kawu bai taɓa ruwan ba. Yana ta waige-waige, na san mazan da yake zaton sun ɓuya yake nema.

Da gaisuwa ta ƙare ya ce, "Inna, kin san ko ni wane ne?"

"Na sani, Malam. Kai ne aka yi wa rashi. Allah ya ji ƙansa."

"Kin san maganar a hannuna take?"

"An faɗa min tun ranar."

"Shi ne duk shekarun nan ko ɗan aike ba ki turo ba? Ina mazanku?"

Ta ce mahaifin ya daɗe da rasuwa, baffannin kuma tun da abin ya faru suka kaɗa shanu suka ƙetara Damagaram, don tsoron ramuwa. Ita ta ƙi bin su. Kawu ya ce to ita ɗin fa, ƙafarta ciwo take? Ta sunkuyar da kai ta ci gaba da kankare ƙwaryar da ta riga ta yi fes.

"Malam, ɗan farina ne," ta ce a hankali. "Da wane baki zan tsaya a ƙofar mutum in yi magana a kansa? Ko sunansa ban taɓa kamawa ba. Da na wata ne, wallahi da tuni gwiwoyina sun ƙare a ƙofar gidanka."

Na dubi Kawu, na ga bakinsa a buɗe. Sai a lokacin na tuna cewa shi ma marigayin ɗan farinsa ne. Tsawon zamanmu ban taɓa jin sunan a bakinsa ba. Yana raye "kai" yake ce masa, a gaban alƙali "yaron nan" ya yi ta cewa, ranar jana'iza ma ƙanensa ya tura gaba ya karɓi gaisuwa, shi ya koma gefe. Kunyar da ya riƙe duk rayuwarsa ita ce ta hana matar nan zuwa, kuma cikin duk lissafin da ya yi bai taɓa kawo wannan ba.

Tsohuwar ta ɗago kaɗan, ba ta dube shi ba. "Tunda Allah ya kawo ka da ƙafarka, abu ɗaya zan tambaya. Na ji an ce lokaci ya yi. In sun gama, suna ba mutum gawar ya rufe abinsa, ko can suke binnewa?"

Kawu ya miƙe zumbur har ya ture kwanon ruwan.

"Wace gawa? Wa ya ce miki akwai gawa?" Faɗa yake yi sosai. Ya juyo kaina. "Kai kuma ka zauna kana kallon mutane! Tashi ka kai ni Gumel kafin alƙali ya tashi."

Ko sallama bai yi mata ba. Muka hau, na ba babur wuta. Sai da muka fita daga cikin geron muka hau kwalta na ji ya kifa goshinsa a bayana, rigata tana jiƙewa. Yana magana ƙasa-ƙasa, na ɗauka addu'a yake yi. Da na rage gudu na kasa kunne, sai na ji sunan ɗansa yake kira, Aminullahi, Aminullahi, bai daina ba har muka shiga Gumel.