Awon Kujerar Baba

Baba ya daɗe yana tuƙa ƙaramin jirginsa mai inji a tafkin Jabi. Masu zuwa shan iska ranakun Asabar da Lahadi yake ɗauka, mutum shida in an matsa, ya zaga da su ya dawo. Ni kuwa, da gemuna da 'ya'yana biyu, aikina kama igiya da raba wa fasinja rigunan ruwa masu hana nutsewa. Sai ciwon shanyewar ɓarin jiki ya same shi ta dama. Ya fito daga asibiti yana jan ƙafa, tafin hannunsa yana iya tura abu amma yatsun ba sa riƙo. Muka kai shi gida Jiwa, ni na ci gaba da fita da jirgin, shi kuma ya shiga ɗaki ya zauna.

Zaman nan ya fi ciwon ba ni tsoro. Likita ya ce ya riƙa motsa jiki, ya ƙi. Abinci sai Inna ta yi ta fama. Kullum na dawo, tambaya ɗaya yake yi mini, yaya injin, daga nan ya juya wa bango fuska. Wata rana na ce ya zo ya ji ƙarar injin da kunnensa mana. Ya ce shi bai saba shiga jirgi a matsayin kaya ba. Maganar ta soke ni, kuma a ranar na ƙudura cewa sai na mayar da shi bayan sitiyari, ko da zagaye ɗaya ne, kafin ɗakin nan ya cinye mini shi.

Matsalar duk a kujera take. Tsohuwar kujerar direba benci ce kawai, ba wurin jingina na kirki, ba madafa. Sitiyari ba damuwa, hannun hagu ya isa. Amma sandar totur, mai ƙara wa inji wuta, tana jikin bangon dama, kuma hannun da zai tura ta shi ne mara lafiyan. Na lura in gwiwar hannun ta sami abin da za ta hau, tafin yana iya turawa ya kuma jawo. Ke nan ana bukatar kujera mai tare haƙarƙari kada ya karkace, da madafar hannu wadda tsayinta zai zo daidai da kan sandar.

Na kwance bencin na tafi da shi Mararaba wurin mai waldar da ya saba yi wa Baba aiki, wani dattijo mutumin Filato mai yi wa motocin haya kujeru. Ya saurare ni tsaf, sannan ya miƙo mini tef ɗin awo, ya ce in je in auno Baba daga ƙugu zuwa gwiwa, daga mazauni zuwa gwiwar hannu, da faɗin baya.

Na karɓi tef ɗin, amma tun a mota na san ba zan iya ba. A wurinmu, ranar da aka ga ɗa ya tsaya kan mahaifinsa yana auna tsayinsa, an san abin da ake shiri. Da kara ake auno mamaci a kai wa masu haƙa kabari. To, mutum yana kwance ba lafiya, ni kuma in shigo da abin awo in ce miƙe ƙafa? Sai na yi dabarar da har yau in na tuna nake jin haushin kaina. Na lallaba bayan ɗaki, na auna wandonsa da rigarsa a kan igiyar shanya. Rigar kuwa irin mai yalwar nan ce, mutum biyu za su shiga su yi hira.

Kujerar ta fito kyakkyawa, da soso da jar leda. Na ɗaure ta, na yi ta lallashin Baba har ya yarda, muka kai shi bakin ruwa wata safiyar Talata da ba fasinja. Sauran direbobi suka taru suna yi masa barka. Muka zaunar da shi. Kujerar ta yi masa faɗi, madafar ta yi nisa, kafin ya kai hannu ga totur sai ya sulale gefe, hularsa ta faɗi cikin jirgi. Ba wanda ya yi dariya, kuma da ma an yi da ya fi mini sauƙi, don da na sami wanda zan huce a kansa. Da muka isa gida, a ƙofar ɗaki ya ce kada in sake kai shi wurin.

Ban ji ba. Taurin kan ai a wurinsa na gada.

Karo na biyu na auna kaina, na ƙara yatsu huɗu tunda ya fi ni tsayi. Na samo ƙarfen kujerar mota mai zamewa gaba da baya a wurin 'yan gwangwan, mai walda ya rage faɗin, ya ɗaga madafa. Wannan karon gida na kawo ta, na ajiye a tsakar gida, na ce wa Baba ya zauna ne kawai ya sha hantsi. Ya zauna. Madafar ta ɗage masa kafaɗa har kusa da kunne, ya cije leɓe don zafi. Na manta cewa ciwon ya saukar masa da kafaɗar dama.

Da na koma Mararaba karo na uku, mai walda ko duban ƙarfen bai yi ba.

"Oga, ni ba zai sake yanka ƙarfe da tsammani ba. Babanka ne zai zauna, ba riganshi ba. Je ka auna mutum."

Na yi masa bayanin al'adarmu, ya ce ya gane, su ma suna da irin tasu, amma ƙarfe bai san wannan ba. Na fito ina ta faɗa ni kaɗai a cikin cunkoson hanya, alhali na san gaskiya ya faɗa.

Da la'asar na sami Inna tana tankaɗe, na roƙe ta ita ta auna shi in yana barci. Ta ajiye rariya ta ce ba a gidanta ba, kuma ba da hannunta ba, kada ma in kuskura in sake shigo da tef ɗin nan. Muna cikin ja-in-ja, mun manta tagar ɗakin a buɗe take, sai muka ji ya yi gyaran murya. Baba ba ya kiran sunana, ɗan fari ne ni.

"Kai, shigo da abin awon."

Na shiga ina sunne kai. Ya riga ya zauna a bakin gado, ya dafa katifa da hagu.

"Wancan awon ba kai za ka yi ba, akwai masu yinsa. Wannan kuwa ina numfashi, ni na sa ka. Auna."

Na durƙusa. Na ɗora tef a ƙugunsa na ja zuwa gwiwa. Tun ina ƙarami rabona da taɓa jikinsa haka, kuma sai a lokacin na san irin ramar da ya yi. Shi yake nuna mini inda zan sa, yana ce mini in sake wancan ban yi daidai ba. Inna na tsaye a bakin ƙofa tana salati ƙasa-ƙasa, amma ba ta hana ba. Da na zo kan gwiwar hannun, ita ta matso ta tallafe masa shi.

Kwana huɗu mai walda ya gama, kuma ya ce zai biyo ni ya ɗaure ta da kansa. Muka matsar da ita gaba, muka karkata ta kaɗan wajen dama. Baba da bakinsa ya ce a kai shi.

Ya zauna, kujerar ta kama shi cif. Gwiwar hannun ta hau madafa, tafin ya sauka kan totur. Na tayar da inji na tsaya a bayansa, hannuna a kusa da sitiyari. Bai waiwayo ba ya ce in je in zauna inda fasinja suke zama. Ya tura sandar a hankali, jirgin ya ɗaga hanci, muka bar gaɓa. Ya zaga tafkin gaba ɗaya, ya yanka kwana yadda ya saba, ya dawo ya jingina jirgin da gadar katako ko gogar ta bai yi ba. Direbobin nan suka ɗauki tafi. Ni farin ciki ya cika ni, har na fara lissafa ranakun da zan riƙa kawo shi.

Ya kashe injin, ya zare makullin da hagu ya miƙo mini.

"Na iya. Abin da nake so in sani ke nan. Gobe ka gyara kujerar daidai tsayinka."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce wata uku ina hanyar Mararaba, don zagaye ɗaya? Ya ce ba za a ɗora 'ya'yan mutane a kan hannun da ba ya riƙo ba, kuma gara ya bar mini jirgin yana iyawa da a ce ciwo ne ya ƙwace. Ya kama kafaɗata ya miƙe, ya taka zuwa mota da sandarsa, bai bari an ɗauke shi ba.

Washegari na zo da sifana. Na zame kujerar gaba ta zo daidai ƙafata, wannan bai ba ni wuya ba. Madafar ce ta tsayar da ni. Noti huɗu ne kacal suka riƙe ta, amma ina kwance na biyu hawaye suka hana ni ganin na uku, sai na zauna a ƙasan jirgin har suka tsaya, sannan na ƙarasa.