Sambo da Gangar Ubansa

Allah ya jiƙan Sambo Audi na garin Abu Na'ama, ya sanyaya makwancinsa. Shekara ashirin ya yi yana kula da babur, injin da ke ɗebo ruwa daga kogi zuwa gonaki. Mutum ne mai sanyin hali, ko akuya ba ya yi wa tsawa.

Mahaifinsa makaɗi ne. Tun da ya rasu gangarsa ke rataye, uwar Sambo kuma, Inna Ma'u, ba ta ƙara taka rawa ba. Da aka sa ranar bikin Raihana, 'yar Sambo ta fari, tsohuwar ta ce in ba kiɗan gida ta ji ba, ba za ta tashi daga tabarma ba. Sambo na da shekara arba'in da biyar ya sauke gangar, ya nufi gidan Baba Garba, wanda shi kaɗai ya rage cikin tsofaffin makaɗa.

Baba Garba ya saurara, ya yatsine fuska kamar ya shaƙi warin mushe.

"Mi ne ne wanga? Taf, taf, taf! Baburinka ka kawo mini gida?"

"Baba, ai ko bugu ɗaya ban kuskure ba."

"Shi ne ciwon! Ina rangajin? Dubi jakina, ko kunne bai kaɗa maka ba."

Wata biyu ana haka. Ƙarar injin ta riga ta zauna masa a hannu, kowane bugu daidai da ɗan'uwansa. Shi kansa Sambo in ya ji kiɗan nasa sai ya ja tsaki, ya yar da sandar, ya kalli tafinsa da ƙyama.

Rannan Baba Garba ya ƙwace gangar, ya ce ya je ya zauna bakin turmi. Ƙato guda ya tsuguna gaban matarsa Fatsuma da maƙwabciyarta suna luguden dawa.

"Malam, tsaki ka zo tsinta, ko a ba ka taɓarya?" in ji Fatsuma.

Ya dai kasa kunne, kullum yana dawowa. A kwana na huɗu ya ji abin. Taɓarya ta biyu ba ta faɗuwa a tsakiya. Sai mai ita ta cilla ta, ta tafa, ta ɗan makara, sannan ta sauka dab da ta farko. Ya gwada a cinyarsa, kafaɗarsa ta motsa da kanta.

Ranar biki da la'asar ya karɓo gangar, ya saɓa. Inna Ma'u ta karkata kai, ta dafa ƙasa, ta miƙe. Taku uku ta yi. Sai dangin ango, da suka zo da mai kiɗan organ daga garin Sinja, suka kunna manyan lasifikoki. Kiɗan na'ura ya danne komai. Jama'a suka juya baya, har da waɗanda uban Sambo ya yi wa kiɗan aurensu. Wani ma ya ce masa ya ɗan matsa, yana tare hanyar wayar lasifika.

Tsohuwar ta tofar da yawu.

"Tir! Taho, Sambo."

Ta ja shi bayan gida, wajen garken awaki, cikin warin kashi da ƙudaje. Nan ya buga, ta yi rawa har mayafinta ya faɗi, shi kuma hawaye na zuba masa cikin gemu. Babu wanda ya leƙo.

Da ta gaji ta zauna kan akurki tana haki.

"Ka kusa," ta ce. "Ƙara."