Injin Irimiya Mai Ƙamshin Ƙosai

Irimiya mutumin Kagara ne. Ya shigo Minna a shekarar da aka ƙirƙiro jiha, ya yi karen mota, ya yi gyaran janareto, daga ƙarshe ya kafa injin niƙa a Shango, a rumfar da Alhaji Ndakotsu ya ba shi haya, jikin masallaci. Shekara da shekaru injin na tofa baƙin hayaƙi, yana ɓata shanyar mata, yana sa jarirai tari. Ko namiji ɗaya bai taɓa cewa uffan ba. Ina ruwansu, su ke wanki?

Sai aka shiga wahalar mai, gas ya ɓace, ga azumi ya kama. Irimiya ya dubi injin, ya dubi kaskon matarsa Hannah mai tuyar ƙosai. Ya tace ragowar man gyaɗan da tsumma, ya ajiye a rana ya saki, ya sirka da kananzir, ya ɗura. Injin ya yi tari, ya yi gardama, can ya kama. Ƙarfinsa ya ɗan ragu, kullum sai an wanke nozul mai fesa man, amma yana niƙa, hayaƙin kuma ya yi fari-fari.

Matsalar ɗaya ce: ƙamshi. Tun hantsi unguwa ta gauraye da ƙamshin ƙosai, salansar injin kuwa, wato bututun hayaƙinsa, tana kallon tagar masallaci. A sallar azahar har liman aka ji yana haɗiyar yawu.

A ranar mazan Shango suka gano cewa hayaƙi na cutarwa!

Alhaji Ndakotsu ya zo yana huci. "Irimiya, kwashe injinka ka bar min rumfa. Kana so ka karya mana azumi ne?"

"Haba Alhaji, ai hanci ba ya cin abinci."

"Ban zo musu ba!"

Irimiya kuwa ba shi da wani wurin. Sai aka yi gyaran murya a layin masu niƙa. Hajiya Sharifa ce, matar Alhajin, da robar wakenta.

"Alhaji, duk unguwar nan injinsa kaɗai ke aiki. In ya tashi, ƙosan buɗe-bakinka fa? Ko kai za ka riƙe min taɓarya?"

Mata suka kwashe da shewa. Alhaji ya gyara hula, ya ce to, a dai juya bakin salansar nan.

Irimiya ya samo guntun bututu, ya juya ta gabas, rumfa ta tsira. Washegari sai ga Malam Gabriel, katikis ɗin cocin su Irimiya, ya fito daga gabas ɗin yana toshe hanci.

"Ɗan'uwa Irimiya, ka manta mu ma azumi muke yi?"

"Ban manta ba, Malam," in ji Irimiya, yana ƙara wa injin wuta. "Amma rumfar ba taku ba ce."