Turken Siminti a Gonar Surukina

Har yau idan jikokina suka ɗaga waya suna cewa wai tauraron ɗan'adam ne ke nuna masu hanya, tsaki nake ja in bar masu wurin. Su suna ganin rigimar tsufa ce. Ni kuwa na san tauraron nan tun uwarsu tana goye, kuma ban san shi da alheri ba.

Lokacin kuɗin mai ne, sa'ad da kowane ɗan kwangila ke tafiya kamar shi ya haƙa rijiyar. Muna zaune a Kambarawa, can ƙarshen gidaje, ni da surukina, uban maigidana, da ɗiyata. Maigidana direban tirela ne, siminti yake ɗaukowa daga Ikko, sai in daɗe ban sa shi a ido ba. Bayan dangarmu gonar surukina take. Sai da tsohon nan ya saida shanunsa da gonar gado a ƙauye kafin ya saye ta, kuma ba shi da takarda a kanta sai shaidu biyu, ɗaya ma ya rasu. Abin nan yana cin shi ƙwarai. Daga gonar muke ci, ita kuma yake nufin ya bar ma ɗansa.

Da farkon damina, gero ya ɗan tasa, sai ga wata jif ta shigo gonar kai tsaye, ba ko sallama. Mutane suka diro suna sauke akwatuna. Babbansu wani safiyo ne, mai awon ƙasa, daga Kaduna, mai tumbi da baƙin tabarau. Surukina ya fita da sauri, ni kuma na laɓe jikin danga ina leƙe.

Bayan doguwar gaisuwa, safiyon ya ce, "Baba, sama muka zo saurare." Ya nuna wani ƙarfe da yaransa ke kafawa bisa ƙafafu uku. Ya ce akwai taurarin da Turawa suka harba, ayari guda, suna kewaya duniya suna nuna ma jiragen ruwa inda suke. Duk wanda ya gifta ta samanmu sai ya yi kira, na'urar cikin akwati ta ji, ta rubuta. Kiran ɗaya ba ya isa, sai sun yi ta giftawa ana haɗa lissafi, sannan a san daidai inda wurin nan yake a doron ƙasa.

Surukina ya tambayi abin da ke ranshi. "To Yallaɓai, idan an rubuta, gonata fa? Ni ba ni da takarda."

"Ka kwantar da hankalinka, Baba," in ji safiyon. "Tauraro ya fi takarda. Daga yau gonarka ta shiga taswirar gwamnati, ba mai taɓa maka ita."

Da kunnena na ji, ba wani ya faɗa mani ba. Kuma mutumin nan ya san abin da ya kawo shi.

Tsoho ya shigo gida baki har kunne. Ya ce, "Yarinya, baƙi gare mu, a ɗora tukunya." Ai kuwa na ɗora, ban sake saukewa ba. Shi tauraron ba kullum yake sama ba, sai lokacinshi ya yi, saboda haka suka kafa laima suka zauna jira kwana da kwanaki. Koko da ƙosai da safe, fura da rana, tuwo da yamma, surukina da kanshi yake kai masu. Kajina da nake tattali ya bi su ɗaya bayan ɗaya da wuƙa. Baƙin kuwa suna gindin ɗorawa suna karta, in akwati ya yi ƙara ɗaya ya miƙe da ƙyar ya duba. Sun tattake shuka, sun cika kunyoyi da gwangwanayen kifi da kwalabe, kuma jikin dangata suka mayar wurin fitsari, a tsaye, har na daina shanya a gefen. Ko kwano ba su taɓa ɗaurayewa ba.

Ranar da surukina ya kama zakarana na ƙarshe na kasa daurewa. Na durƙusa na ce, "Baba, ni fa hankalina bai kwanta da mutanen nan ba. Wanda ya zo gyara maka gona ba ya taka maka shuka."

Bai yi faɗa ba. Cewa ya yi, "Ke dai yarinya ce. Shukar bana nawa take? Gonar nake so ta tabbata."

Kafin su tafi suka zuba wani turke na siminti a tsakiyar gonar, da ƙusar tagulla a kanshi. Surukina ya raka su har mota da ƙwaryar ƙwan zabbi, yana sa masu albarka.

Gero ya fidda kai, saura kaɗan a yanka, sai katafila ta zo. Daga turken nan suka fara jan igiya, gabas da yamma, suna kafa pegi. Ashe shi ne ma'aunin da za a yanka filaye da shi a raba ma manya. Surukina ya tsaya gaban katafila yana cewa a tambayi safiyo, a duba abin da tauraro ya rubuta. Wani ma'aikaci ya ce ai tauraro ya rubuta inda wurin yake ne, bai rubuta mai shi ba, ya kawo takarda in yana biɗar diyya. Suka niƙe geron nan kaf a gabanmu. Turken kuwa direba ya kewaye shi a hankali, aka kuma gargaɗe mu cewa duk wanda ya taɓa shi sai gidan yari.

Surukina ya je ofis ya fi a ƙirga. Safiyon an ce ya koma Kaduna. Maigidana ya dawo ya yi ta zage-zage, ya sake hawa mota, to me zai iya?

Filin ya faɗa hannun wani Alhaji ɗan kwangila. Da aka jibge mashi siminti da rodi, ya aiko a nemo maigadi daga makwabta, wanda ya san wurin. Rumbunmu babu komai. Surukina ya ɗauki sandarshi da tabarma ya tafi.

Ina jikin danga ranar da Alhajin ya zo duba aiki. Ko fitowa daga mota bai yi ba, gilashi ya sauke ya ce, "Kai tsoho, ka lura da kyau, kada kowa ya shigo mani fili." Surukina ya cire takalmanshi ya durƙusa a ƙasar da ya saida shanunsa ya saya, ya ce, "To, ranka ya daɗe."