Kyamarar Da Ta Rusuna Wa Babana

Shekara goma sha biyar ke nan da maigidana, Ishaya Mai Hoto, ya koma ga Ubangijinsa. Na yi wa 'ya'yana alkawari bana ba zan zo shafin jarida da hawaye ba, kuma zan cika, domin mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana ce wa jama'a su yi murmushi bai cancanci a tuna da shi da tsumammiyar fuska ba. Tun da na zauna rubutun nan ma dariya ke cina.

Abin da ya taso da maganar, kwanan baya aka yi bikin jikata a Kafanchan. Amarya na shigowa majami'a sai na ga hannuwa sun tashi sama, kowa da wayarsa, har matar fasto. Da wayar nan ɗaya suka ɗauki ɗaurin aure, suka ɗauki rawa, suka ɗauki farantin shinkafa, daga baya kowa ya juya ta ya ɗauki kansa. Na ce a raina, ina ma Ishaya ya leƙo. Na san ba zai yi fushi ba, don mutum ne mai son sabon abu kamar me. Karɓar wayar zai yi ya juya ta gaba da baya, sannan ya yi tambayar da ya saba yi wa duk wanda ya zo gayyatarsa aiki: wane irin taro ne, kuma su wa za su tsaya a gaba?

Na san Ishaya a farkon shekarun saba'in, shekarar da motoci suka koma bin hannun dama. Ina koyarwa a wata firamare, shi kuma yana da ɗan shago kusa da tashar jirgin ƙasa. Kafanchan ta lokacin gari ne mai motsi, jirgi na shiga jirgi na fita, ma'aikatan reluwe da malamai da 'yan makarantar kwana kowa na son hoton da zai aika gida. Ishaya yana da kyamara uku, kuma ya raɗa wa kowacce suna kamar 'ya'yan cikinsa.

Babbar ita ce Rabaran. Tana tsayawa a kan ƙafa uku, tana da baƙin mayafi da mai ɗauka ke shiga ciki, ba ta san sauri ba, kuma in ta fara aiki ba mai motsi. Ita ce ta hoton jama'a: ango da amarya da dangi, ƙungiyar mawaƙan majami'a, 'yan aji da malaminsu. Ko mutum yana layin ƙarshe sai an ga maɓallin rigarsa. Ƙaramar ita ce Ɗan Kamasho, wadda ake kangawa a ido. Ba lungun da ba ta shiga, tana ɗauka tana ƙarawa, saboda haka ita ce ta wasan guje-guje da ƙwallo da rawa. Aibinta shi ne in an faɗaɗa hotonta da yawa sai ya yi tsaki-tsaki. Ta tsakiya kuwa Tagwaye yake ce mata, saboda idanunta biyu ne, ɗaya bisa ɗaya. Ita ba a kai ta ido. A wuya ake rataya ta ta sauka wajen ciki, mai ɗauka ya buɗe murfin samanta ya sunkuyar da kai ya leƙa. Yakan ce duk mai hoton da ya ɗauki kyamara kafin ya tambayi taron, wahala ya ɗauka.

To, shi mai wannan wa'azi, shi ne ya fara faɗawa rami, kuma aurena ne ya kusa tafiya a ciki.

Babana manomin citta ne a wani ƙauye kusa da Kachia, dattijo ne a ikilisiya, bai taɓa shiga aji ba, kuma in ya yanke magana ta yanku. Na gaya masa akwai wani saurayi mai hoto da ke nemana, sai ya ce ya zo ranar bikin godiya na kaka a gan shi. Ishaya ya yi tunani irin nasa na sana'a. Ranar godiya mata kan shiga majami'a da rawa, kowacce da kwandon amfanin gona a ka, ana buga tulu ana waƙa. Abu mai motsi aikin Ɗan Kamasho ne, don haka ita ya jefa a jaka.

Mamana ce ke gaban layin matan zumunta, da kwandon citta a kanta, tana juyi kamar budurwa. Ishaya ya ga abin da kowane mai hoto ke mafarki. Ya yi tsalle ya sha gabanta, ya kanga kyamara a idon dama, ya runtse na hagu. Ta matsa, ya matsa, ya sake runtsewa. Ni ina cikin mawaƙa ina ta fara'a, ina cewa yau saurayina zai burge. Ban lura da Baba ba, wanda ke tsaye a bakin ƙofa yana kallon wani baƙon yaro yana kashe wa matarsa ido a gaban jama'a.

Da aka tashi sujada ya kira ni gefe. A gida yarenmu muke yi, amma in Baba yana so baƙo ya ji faɗa, da Hausa yake yi, kuma ya ɗaga murya.

"Rifkatu, wannan ne yaron da kin ce?"

"Shi ne, Baba."

"Yaro da ya kashe wa matana ido a gaban fasto, ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Yau uwa, gobe wa? Ki gaya wa mutanen shi su zauna a gidan su."

Na yi bayani har bakina ya bushe. Na ce haka ake ɗaukar hoto, dole a rufe ido ɗaya. Baba ya ce in injin ne ya sa shi, to injin ba shi da tarbiyya, wanda ya saye shi ma haka. Mama kuwa ba ta taimaka ba ko kaɗan, don duk lokacin da aka ta da maganar sai ta shige kicin tana dariya. Yanzu abin ban dariya ne, amma a lokacin na rame. Ina son mutumin nan har raina, kuma na san ba zan yi aure ba da albarkar Baba ba.

Abin da ya ƙara min son Ishaya shi ne bai taɓa cewa Baba baƙauye ne ba. Cewa ya yi ya zaɓi kyamarar da ta dace da rawa, ya manta cewa a taron akwai suruki. Abokansa suka ba shi shawara ya koma da Rabaran, wai girmanta zai burge tsoho. Ya ce a'a, mutumin da ya tuhume shi da kashe ido, in ya ga ya lulluɓe kai da baƙin ƙyalle a tsakar gidansa, sai ya kira fasto a yi addu'a. Ya yi makonni yana juya abin, har wata rana ya zo ƙofar makarantarmu yana haki, fuskarsa kamar an yi masa albishir, ya ce min Tagwaye ce za ta aurar da mu.

Bayan Kirsimeti muka hau motar Kachia. Mun tarar da Baba a tsakar gida yana tsaga citta ana shanyawa. Ishaya ya gaishe shi a durƙushe, Baba ya amsa da ƙyar bai ɗago ba. Sai Ishaya ya ja da baya, ya cire hula, ya buɗe murfin Tagwaye, ya sunkuyar da kai, idanunsa biyu a buɗe. Haka ya tsaya, kai a ƙasa, yana murza ɗan maɓallin gefe a hankali. Baba ya saci kallonsa sau ɗaya, ya sake, daga nan ya ajiye wuƙa.

"Me yana nema a ƙasa haka?" ya tambaye ni.

Ishaya ya ce, "Baba, wannan ba ya yarda a kalli babba ido cikin ido. Sai an rusuna yake aiki. Ka zo ka gani."

Ya juya idanun kyamarar wajen Mama da ke tankaɗe a bakin rumbu. Baba ya taso yana ɗaure fuska, ya leƙa cikin murfin, sai ga matarsa a kan ɗan gilashi, ƙarama kamar 'yar tsana, da jan ɗankwalinta, tana motsi. Ban taɓa jin babana ya yi irin wannan dariyar ba. Ya ce mata ta ɗaga hannu, ta ɗaga. Ya ce ta juya, ta ce ita ba ta da lokacin wasan tsofaffi. Gani ya kori ji. Ya shiga ɗaki ya sa rigarsa ta zuwa sujada, ya zauna a kujera, ya bari aka ɗauke shi hoto na farko a rayuwarsa. Da za mu tafi ya raka mu har bakin hanya.

"Wannan injin ya san manya. Sunan shi Mai Ladabi. Ka ce wa mutanenka su zo. Amma wancan ɗan iskan ƙaramin, kar ya sake shiga gidana."

Daga ranar sunan Tagwaye ya ɓace. Ishaya kuma ya ƙara sabon babi a wa'azinsa: tsofaffi da surukai da masu makoki da jarirai da duk mai jin kunya, aikin Mai Ladabi ne, domin ba ta da ƙara kuma ba ta tsare mutum da ido. Hoton Mama da kwandon citta, wanda ya jawo mana bala'in, shi ne ya fi kowane kyau. Bayan aure Ishaya ya kai wa Baba, shi kuwa ya rataye shi a ɗakinsa har ya rasu, bai taɓa tambayar wane inji ya ɗauka ba, mu ma ba mu tuna masa ba.

Wanzami ba ya son jarfa. Ishaya ya ɗauki rabin garin Kafanchan, amma shi ba ya tsayawa a gaban kyamara. Ko hoton aurenmu, ya saita Rabaran ya ba abokinsa ya danna, sai dai bakinsa bai yi shiru ba, yana ta ba da umarni kada a girgiza ƙafafun. Kowa ya fito tsaf, ango kaɗai fuskarsa ta zama hazo.

Hotonsa ɗaya tak mai kyau nake da shi, kuma da wayo aka yi shi. Ni mace ce mai taurin wuya, ban ɓoye ba. 'Yan watanni da aure gwaggwanninsa suka zo daga Samaru Kataf, suka fara ƙorafi wai Malama ba ta rusuna wa mijinta, boko ya hau mata kai. Ishaya ya tashi ya ɗauko kyamara. Sai ya zauna a kujera a gabansu, ya rataya min Mai Ladabi a wuya, ya ce, "Malama, ɗan ɗauke ni mana." Ni kuwa da zumuɗi, don ya daɗe yana hana ni taɓa ta, na buɗe murfi na sunkuyar da kai. Abin da ke cikin gilashin nan dama kan koma hagu, in na bi shi nan sai ya gudu can, saboda haka na daɗe a sunkuye ina lalube. Sai jin guɗa na yi a bayana. Gwaggwanni sun ga amarya ta rusuna wa ɗansu, har ta ƙi ɗagowa. A daidai lokacin da na gane tarkon na danna, shi ya sa a hoton bakinsa yake har kunne, irin dariyar wanda ya ci wasa.

Da ya rasu muka zazzage akwatuna muna neman hoton da za a sa a takardar jana'iza. Ga 'yan reluwe, ga amare, ga mawaƙa, ga jariran da yanzu sun yi jikoki, babu Ishaya. Wannan ɗin dai muka sa. Wasu suka ce bai dace mamaci ya yi dariya haka a ranar bisonsa ba, na ce su bar min mijina yadda na san shi.

Yau shagon ya zama wurin sayar da katin waya, Rabaran tana gida bayan ƙofa da mayafinta, fim ɗin Mai Ladabi ma ban san inda ake samunsa ba. Ba na baƙin cikin wannan, in kiɗa ya canza rawa ma sai ta canza. Abin da nake gani ya rage na Ishaya shi ne tambayar nan tasa, su wa za su tsaya a gaba. Jikokina sun gaji da jin ta. Amma ranar bikin nan na ga ɗaya daga cikinsu zai ɗauki kakar ango, sai ya sauke wayar zuwa ƙirjinsa ya sunkuya, tsohuwar ta saki fuska. Na ji daɗi har sai da na tafa ni kaɗai.

Sun sha cewa in bari su faɗaɗa hoton kakansu su rataye shi can sama a bango, inda kowa zai gani. Na ƙi. Yana nan a kan ɗan gajeren tebur kusa da gadona, inda ba a ganinsa sai an sunkuya. Kullum da safe nakan tsaya a gabansa in sunkuyar da kai, shi kuma yana ta dariyarsa. Ka ci wasan, Ishaya, har yau ina rusunawa.