Ƙarfen Ƙafar Shekara

Shekara maƙeri ne ɗan maƙeri, a unguwarmu aka haife shi, nan Matameye. Wai ya zarce wata tara a ciki, shi ya sa aka raɗa masa wannan suna, kuma har ya girma ba wanda ya taɓa ganin ya yi gaggawa. Shi da wansa Idrisa maƙera ɗaya suka gada. Idrisa ke da baki da ciniki, Shekara ke da hannu. Hauyar da ya ƙera, manoman Dungu da Icirnawa sukan gane ta ko cikin tari.

Ya auri Baiwa, suka yi shekara goma sha tara ba haihuwa, bai kuma ƙara aure ba. Ta rasu da daminar 1953. Bayan wata biyu doki ya harbe shi a ƙeya a bakin kasuwa. Ya warke, amma kwanakinsa suka daina bin juna.

Hannun bai manta komai ba, in ya riƙe guduma sai ka rantse lafiyarsa lau. Amma kullum da safe sai ya tambayi Baiwa. A ce masa ta rasu, ya zauna ya yi kuka kamar yanzu aka fito da gawa. Gobe ya sake tambaya. Wata rana kuma ya ce ai ta tafi ganin gida Dungu, ya ɗauki sanda ya kama hanya. Sau uku ana tsinto shi a daji, na ukun ƙishirwa ta kusa gamawa da shi.

Idrisa mutum ne mai gajeren haƙuri. “Sau nawa za a faɗa wa mutum magana ɗaya?” in ji shi. Da hannunsa ya ƙera mari, ƙarfen da ake sa wa mai taɓin hankali a ƙafa, ya ce ana sakkowa daga Juma'a za a ɗaura wa Shekara. Mu maƙwabta muka yi shiru. Ni ma na yi shiru, kuma har yau ina jin kunyar hakan.

Ranar Alhamis, a 1956 ke nan, kamyon silima, babbar motar nan mai yawo da majigi, ya iso daga Damagaram. Aka kafa farin ƙyalle a bangon lakwal, wato makarantar boko, bayan magariba gari ya taru. Mai kunna injin, wani Issa, ya zo da gwangwani huɗu na zaren hoto, ashe gara ta cinye takardun da ke nuna na fari da na biyu. Shi kuma bai taɓa kallon wannan ba. Ya yi bisimilla ya ɗauki na sama.

Labarin wani manomi ne da matarsa da ta ƙi yin lambar agana. Abin da muka fara gani, ana binne matar, mijin na dafe da kai. Aka canza gwangwani, sai ga ta tana daka a tsakar gida, har da dariya.

“Kai! Ba wannan aka binne ɗazu ba?” wani ya ɗaga murya.

Wata tsohuwa ta rafka salati. Aka zagi Issa, ya yi kamar bai ji ba. Gwangwani na uku bikin aurensu ne, kuma wallahi mutane sai a bar su, nan da nan aka shagala, mata har da guɗa. Ni kaina na manta da kabarin. Na huɗu ya nuno ta kwance, ƙuraje sun rufe mata fuska, sai zaren ya ƙare. Mun san inda za ta, mun gani da idonmu tun farko, amma abin ya doke mu sabo fil.

Idrisa na zaune riƙe da gefen rigar ƙanensa don kada ya sulale. Cikin fushi ya ce, “To, wai tana nan ne ko ta mutu?”

A duk filin Shekara kaɗai ne bai ruɗe ba. Ya dafa gwiwar wansa.

“Yi haƙuri, Yaya, haka abin yake. Da safe tana nan. Sai an zo an gaya maka, sannan a sake binne ta.”

Idrisa ya miƙe, ya kama hannun ƙanensa. Ni ke bayansu har gida.

Da safiyar Juma'a na je karɓar lauje. Shekara ya shigo maƙera, ya ga marin a rataye, ya sauko da shi yana juyawa.

“Aikin wa ne wannan, Yaya? Ƙarfen na da kyau.”

“Hauya ake so,” in ji Idrisa. “Sa shi a wuta.”

Ya sa. Yana cikin zuga sai ya ɗago kai.

“Ina Baiwa? Ban gan ta ba.”

Shekara uku Idrisa na ba shi amsa ɗaya. Ranar kuwa sai ya ce masa:

“Tana Dungu. In ka gama, ni zan raka ka.”

Sun yi wannan tafiya ta fi a ƙirga, har Shekara ya rasu a 1959. Yawanci kafin su kai rabin hanya ya manta abin da ya fito da su, sai su juyo tare.