Baffa Ya Yafe, Ni Ban Yafe Ba

Ina kwance a gadon asibiti, ana mini ƙarin ruwa, aka yafe wa direban da ya buge ni. Ba ni na yafe ba. Baffana ne, ƙanin mahaifina, wanda tun rasuwar Baba da ta maigidana shi ke magana da yawun gidanmu. Masu motar sun zo da dattawa uku da kwandon lemo, aka tsaya a baranda, aka ce ƙaddara ce. Baffa ya shafa gemu ya ce, "Tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Mun yafe duniya da lahira." Da na dawo hayyacina aka gaya mini, fuska a sake, kamar ana mini albishir.

Ni tela ce, shagona na Jos Jarawa. Ranar na ɗauko ɗinkin anko zan kai wani gidan biki a unguwar Abatuwa. Tasin da nake ciki ta tsaya sauke fasinja, sai motar wani kamfanin ruwan leda ta gangaro ba birki ta daki bayanmu, daidai gefen da nake zaune. Daga baya muka ji cewa direban ya daɗe yana kai ƙorafin birkin, ana ce masa ya lallaɓa.

Da aka sallame ni na koma shago, na zauna a kan keken ɗinki, na ɗora ƙafa. Ban yi minti goma ba wani abu ya tsarga mini daga ƙugu har ɗan yatsan ƙafar hagu, sai da na kifa kai a kan atamfar mutane. Na gwada washegari, na gwada bayan mako guda, duk kanwar ja ce. 'Ya'ya uku gare ni, ga Inna mahaifiyata, kuma da ƙafar nan nake ciyar da mu. Likita ya ce sai an yi doguwar jinya da gashin ƙashi, wataƙila har da aiki.

Na je na sami Baffa, na durƙusa iya yadda bayana ya bar ni, na ce ina so kamfanin su ɗauki nauyin maganina.

Ya ce, "Maganar da na riga na kashe? A gaban dattawa fa na yafe. So kike a ce ni ƙaramin mutum ne?"

Na ce, "Baffa, Allah ya ƙara girma. Amma bayan wa aka buga?"

Ya dube ni kamar na zage shi. Ni kuwa raina ya ɓaci ƙwarai, don Baffan nan ko akuyar maƙwabta ce ta ci masa ganyen zogale sai mai unguwa ya ji. Yafiya tana masa sauƙi ne in da jikin wani za a yi ta.

Akwai wata lauya da nake wa ɗinki, 'yar Vom ce, mace mai son hannun riga ya yi faɗi kamar za ta tashi sama. Ta zo karɓar kayanta ta tarar ban taɓa su ba, na ba ta labari. Ta ce, "Anti, wannan yafewa bai da takarda. Motan yana da inshora. Kawo hoton ƙashi naki, za mu rubuta musu." Daga jin hoton ƙashi gabana ya faɗi.

Ga abin da ba kowa ya sani ba. Tun ina shekara goma sha ɗaya ƙashin bayana ya fara karkacewa, kafaɗar dama ta ɗaga, haƙarƙarin gefen ya turo. Inna ce ta fara gani tana mini wanka da sallah. Ba ta kai ni asibiti ba, don a ganinta abin da asibiti ya sani gari ya sani, kuma wa zai nemi auren mai ƙusumbi? Sai ta koya mini yafa mayafi ta gefe ɗaya. Da na girma na koyi ɗinki, na ƙara da nawa wayon: soso a kafaɗar hagu, a sassauta baya, a sauke gefe ɗaya da rabin inci. Shekara talatin ina yawo a garin nan, ban da Inna da maigidana ba wanda ya sani. Har yaba mini tsayuwar riga ake yi.

Da Inna ta ji zancen lauya ta ce a bari. "Kina da 'ya mace. Gobe a ce abin a jininmu yake." Da ta ga na yi kunnen uwar shegu, sai ta kwana ta tashi da wata dabara. Ta same ni ina dama koko, ta tsaya a bakin ƙofa tana kallon bango, don ni ce 'yar farinta, ba ta kiran sunana, ba ta haɗa ido da ni, ba ta kuma taɓa shiga maganata a gaban mutane.

Ta ce, "Ke, tunda sai kin yi, ki ce motar ce ta karkata ki. Wa ya san da shi? Asiri ya rufu, su kuma su biya da kyau."

Ba zan ɓoye ba, dabarar ta yi mini daɗi na kwana ɗaya. Lauya ta ce kada ma in fara, likitan ƙashi yana gane tsohuwar karkata kamar yadda nake gane tsohon ɗinki, kuma ramin ƙarya ƙurarre ne. Amma ba tsoron kamu ne ya hana ni ba. Haushi ne. Da bayan nan na yi dakon ciki uku, na goya, na ɗebo ruwa, na taka keke shekara ashirin. Bai taɓa kayar da ni ba. Yanzu kuma in ɗauke shi in ba motar ruwan leda kyauta, in ce ita ta yi shi? Na ce wa Inna abin da mota ta yi zan faɗa, abin da na zo da shi kuma nawa ne.

Muka aika wa masu inshorar hoton yadda yake. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, amsarsu kuwa ba ta ɓata lokaci ba: wai karkatar tsohuwa ce, don haka ciwon ma tsoho ne, babu ruwan motarsu. Lauya ta nemi a zauna kafin a je kotu, aka sa rana a ofishin masu inshorar, hawa na biyu. Da safen na fito na tarar Inna ta riga ta saka hijabi tana jira a zaure. Muka kama hanya tare.

Mutumin inshorar mai fara'a ne, irin fara'ar da ke sa ka duba aljihunka. Ya ɗaga hoton bayana a jikin taga, kowa na kallo, ya bi lanƙwasar da biro.

Ya ce, "Madam, sori fa. Amma kin gani, wannan ba aikin jiya ba ne. Tun yaushe kike da shi?"

Na ce, "Tun kafin ka fara aiki a nan, oga."

"To ina fayil na asibiti? Ina takardan da ya nuna da kina lafiya? In babu, yaya za mu san ba dama can kina fama ba?"

Lauya ta miƙa masa rahoton likita da ya nuna sabon rauni a ƙasan tsohuwar karkatar. Ya karɓa ya ajiye a gefe ba tare da ya buɗe ba. Gaskiyarsa ce kuwa, ba ni da tsohuwar takarda ko ɗaya. Ɓoyon da muka yi shekara talatin shi ne ya dawo ya zama hujjarsa. Na ji hawaye na tahowa, na cije leɓe, don na rantse mutumin nan ba zai ga kukana ba.

Sai na ji muryar Inna daga kujerar bayana.

"Yaro, takarda kake nema? Babu, don ni na hana a yi ta. Ni na haife ta. Ni na ga bayan nan ranar da ya fara, ni na rufe shi, laifin nawa ne. Da shi ta yi aure, da shi ta haihu uku, da shi ta binne miji ta riƙe gida. Ni kaina abincin da nake ci daga ƙafarta yake fitowa. Ban taɓa ganin ta kwanta rana tsaka ba sai da motarku ta same ta. Rubuta haka. In kotu ce ma a kai ni, in ɗaga Alƙur'ani."

Tunda nake ban taɓa jin Inna ta ce ita ta haife ni ba. Mutumin ya sauke hoton daga taga, ya jawo rahoton likitan ya buɗe, ya ce a ba su mako biyu. Sun kai wata uku suna jan ƙafa kafin su amince da jinyar, Baffa kuwa har yau da ƙyar yake amsa gaisuwata, ni ma ban fasa gaishe shi ba, ban kuma ba shi haƙuri ba.

Amma a ranar, muna saukowa daga benen, ina bin matakala ɗaya-ɗaya, Inna ta tsaya a tsakiya tana kallon ƙasa.

Ta ce, "Da can ɗin ma, yana miki ciwo?"

Na ce, "Yana yi, Inna. Kullum."

"Me ya hana ki faɗa?"

"Ke kika ce kada a faɗa."

Ta sa hannu ta riƙe damtsena, muka ƙarasa sauka tare.